Tagar da Baba Ya Fasa

Tun ina ƙarama na san mahaifina da farin gemu, sai da na yi wayo na gane ba furfura ba ce, audugar rimi ce. Sana'arsa ɗinkin katifa da matashin kai, a gidanmu da ke Ƙofar Marusa. Da hantsi zai shiga ɗakin da ke gefen zaure da baƙin gemunsa, kafin azahar ya fito fari fat, gira da gashin hanci da kunnuwa duk sun yi furfurar aro. Innarmu takan ce ita kam ta gaji, kullum da safe ta sallami saurayi, da rana a dawo mata da kakansa.

Idan bazara ta kama 'ya'yan rimi suka fashe, mutanen ƙauyukan Batagarawa ke kawo masa audugar cikin buhuna bisa jakuna. A dunƙule take zuwa, da baƙaƙen ƙwayoyinta da ɓawo da tsakuwa, wani lokaci har da kunama. Sai ya zazzage ta a tsakar ɗaki ya yi ta bugu da tsumagiya biyu, hagu da dama, har ta saki jiki ta tashi, ƙwayoyin su zube ƙasa. Daga nan ya ɗura ta cikin yadi mai ratsi-ratsi, ya bi da basilla da zare mai kauri, yana ɗaure ƙulli layi-layi don kada ta tattaru gefe ɗaya. A zamanin nan da wuya a kai amarya ɗaki a unguwarmu ba katifar Baba a bisa gadonta. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙarar bugun nan, fat fat, fat fat, da ƙamshin sabon yadi, da muryarsa yana waƙar bege a ciki yana tari.

Audugar rimi ba ta da nauyin ta gona. Ko atishawa ka yi kusa da ita sai ta tashi sama. Saboda haka duk mai wannan sana'a a rufe yake bugu. Baba yakan saki tabarma a bakin ƙofa, ya kuma ja ƙyaure. Tagar ɗakin kuwa, wata 'yar ƙarama ce mai kallon titi, tun zamanin kakana aka cusa mata tsumma aka shafe da laka. Hasken da ke shiga ta saman ƙyaure shi ke nan, kuma a cikinsa za ka ga zarurrukan suna yawo ba su da niyyar sauka. Idan aka ce masa ɗakin nan ba iska, sai ya ce ai iskar ce ɓarauniyar, wa ke buɗe wa ɓarawo taga.

Suna kuma da maganinsu, shi da abokan sana'arsa. Da ya fito ya kakkaɓe jiki, sai ya ɗauko madarar gwangwani, ya huda ta wuri biyu da basillar nan ta ɗinki, ya ɗaga kai ya shanye. Wai madara ce ke wanke ƙirji, ta tattaro duk abin da aka shaƙa ta tafi da shi. Kakana da nono yake yi, Baba ne ya waye ya koma gwangwani. Mu dai 'ya'yansa ba mu taɓa musu ba, don kurɓin ƙarshe namu ne.

Bayan katifa, Baba ne ladanin masallacin unguwa, kuma a nan alfaharinsa yake. Yakan hau wani ɗan tudu a gefen masallacin ya toshe kunne, ya ja kalma ɗaya da numfashi ɗaya har sai ka ji tsoron kada ya faɗi. Mata a cikin gidaje sun san muryarsa kamar yadda suka san ta mazajensu. Innarmu ta ce da muryar ya saye ta, don in ta fuska ce da ba a daidaita ba.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Wannan ya ba ni bakin da sauran 'yan'uwana ba su da shi. Ina yi masa faɗa ya yi dariya, ya ce to Uwata, na ji, ba ni ƙarawa. Gobe ya ƙara.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, wato 1999, na riga na yi aure da 'ya'ya biyu, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Gidan mijina bai fi lungu uku da namu ba, daga tsakar gidana ina jin kiran sallar Baba. Garin ya ɗauki harama a lokacin. Kowane bango ya sha hotuna, motoci na yawo da kiɗa, wanda jiya ka sani yana sayar da goro yau ya zama mai neman kujera. Kowa na ganin daga yanzu komai zai gyaru, har da ni. Wani mai neman ƙuri'a ma ya kawo wa masallacinmu lasifika kyauta. Baba ya yi godiya, ya sa aka ajiye ta bisa kabad da kwalinta. Ya ce ranar da muryarsa ta kasa kai wa ƙarshen unguwa, sai a kunna.

Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati aka yi wa asibitinmu fenti, aka kuma turo mana sabon likita, wani dogon Kirista daga Filato, mai Hausar Jos da yawan tambaya. Ya taso cikin masu haƙar kuza, ya ga yadda ƙirjin dattawansu ke ƙarewa, don haka duk mai tari da ya zo sai ya tambaye shi sana'arsa kafin ya tambaye shi abin da ke damunsa. Wata rana ya tara mu ya ce yana so a auna numfashin masu aiki cikin auduga: masu katifa, masu shiɓa, masu ɗinkin buhu. Ya ce irin wannan lahani ba ya nuna kansa a wata ɗaya ko shekara ɗaya, a hankali yake cin mutum, shi ya sa dole a auna bana, a rubuta a kati, a sake aunawa baɗi, a ga ko ana sauka. Ya nuna mana abin awon: wani bututun roba ne da ɗan tsinke a jikinsa. Mutum ya cika ƙirji ya hura da ƙarfi, tsinken ya gudu ya tsaya. Ya yi wa jikin bututun alama kala uku. Kore, lafiya. Ruwan ɗorawa, a yi hattara. Ja kuwa, a kawo masa mutumin da kansa.

Da ya ji ni ɗiyar mai katifa ce, sai ya ce, "Sista, unguwarku taki ce ke nan. Abin da kika gani shi za ki rubuta."

Na ce ai wannan ba sai an faɗa mini ba. Har haushi na ji da ya faɗa.

Baba ya karɓi maganar kamar an ce za a yi gasa. Shi da kansa ya bi abokan sana'arsa ya gayyato su, aka shimfiɗa tabarmi a zaurenmu ranar wata Asabar da hantsi. Su takwas ne ko tara, duk dattawan da suka goya ni ko suka saya mini alewa. Kafin na iso, Innarmu ta raɗa mini cewa ya shanye gwangwani biyu, wai don ƙirji ya yi tas kafin awo.

An sha dariya ranar. Wani ya hura haƙorinsa na roba ya nemi fita. Wani ya zuƙa maimakon ya hura. Yawancinsu ruwan ɗorawa suka samu, suka yi ta tsokanar juna. Aminin Baba, wani gajeren dattijo da suka koyi sana'a tare, ya hura sau uku tsinken bai bar ja ba. Na faɗa masa, na rubuta, ban ji komai ba. Baba har da tafa masa baya yana cewa, "Ka gani ko? Rowa ta hana ka shan madara."

Baba ne ya zo a ƙarshe, don ya ce ladan ba ya hurawa sai yara sun gama. Ya gyara zama, ya cire hula, ya ja numfashi kamar zai kira salla, ya hura. Na karɓi bututun na duba. Tsinken yana cikin ja.

Na ce bai kama bakin da kyau ba, ya sake. Ya sake. Na ce saura ɗaya, haka doka take. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ƙare da tari. Tsinken ko inda ya kai da farko bai kai ba. Ni kaɗai ke ganinsa, don na juya alamar wajena.

Ya share baki da hannun riga yana murmushi, ya dubi abokansa, ya dube ni. "To Uwata, mi ta nuna?"

Kowa a zauren na jira. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma na san abin da ya zo mini. Na tuna katifar soso ta cika kasuwa, amare sun fara cewa ta rimi ta ƙauye ce. Na tuna samarin masallaci da ke satar kallon kwalin nan na bisa kabad. Mutumin nan abu biyu gare shi a duniya, ɗaya na zamewa, ga shi an miƙo mini ɗayan in karya a gaban tsaransa. Na maida tsinken baya da babban yatsana.

Na ce, "Kore ne, Baba."

"Ai kau na hwaɗa maku!" Ya ɗaga hannu sama, zauren ya kaure da sowa. Na ɗauki biro na rubuta kore a katinsa da kuma takardar da zan mayar wa likita. A hanya na yi ta gaya wa kaina cewa dariya ce ta hana shi hurawa da kyau, bututun ma wa ya san ingancinsa, kuma ai ni ma'aikaciyar lafiya ce, zan lallaɓa shi a gida ya gyara ba sai an kunyata shi ba. Na iya lallashin kaina ƙwarai.

Bayan kwana biyu na ɗinka masa ƙyallen rufe hanci mai ninki uku, na kai masa. Na ce ya riƙa ɗaurawa in zai yi bugu, kuma a fasa tagar nan iska ta riƙa ratsawa. Ya juya ƙyallen a hannu ya ce takunkumi sai ka ce jakin da ke ɓarna a gona. Na ɗaga murya kamar yadda na saba. Bai ce ya ji ba, bai ce ba ya ƙarawa ba. Hannu ya miƙa saman azara ya zaro katin nan, ya buɗe mini.

"Wa ya rubuta wanga, Uwata? Ba ke ba ce da hannunki? Shekara talatin da wani abu ina cikin ɗakin ga, na'urar Turawa ta ce lahiya ta lau. To mi zan gyara?"

Na ɗauki ƙyallena na tafi gida ina jin haushinsa, alhali na san wanda ya kamata in ji haushi.

Abin bai tsaya a kansa ba. Amininsa da ya samu ja ya je wurin likita, aka yi masa hoton ƙirji, aka ba shi magani, aka ce ya bar bugu a rufaffen ɗaki. Ya koma yi a bayan gida ƙarƙashin rumfa da hanci a ɗaure, rabin audugar na bin iska, abokai na yi masa dariya. Sauran kuwa, masu ruwan ɗorawa, da suka tashi neman shawara ba asibiti suka zo ba. Wurin mai kore suka zo. Baba ya zauna a zaure yana ba da fatawa: gwangwani ɗaya ya yi kaɗan, a riƙa shan biyu, ɗaya kafin a shiga ɗaya bayan an fito. Mai kantin bakin titi ya yi ciniki a shekarar nan. Duk sanda na zo wucewa na ga tulin gwangwanaye a bayan zaurenmu sai in kauda kai.

Sau nawa na yi niyyar faɗa masa, Allah kaɗai ya sani. In zo da maganar a bakina, in tarar da shi yana wasa da jikokinsa, ko yana ba wani baƙo labarin ranar awo, yana ƙara mata gishiri, sai in gaishe shi in koma da abata. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka yi azumi, rimi ya sake fashewa, jakuna suka sake zuwa.

Wata la'asar ina tsakar gidana ina tankaɗe, ya fara kiran salla. Ya yi kabbarori lafiya, ya yi shahada. Da ya zo wurin da yakan ja har mata su ajiye abin da ke hannunsu, sai muryar ta yanke a tsakiya. Shiru. Na tsaya da rariya a hannu ina jira. Can ya ɗauko daga inda ya tsaya, ya ida da ƙyar. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce ko Malam mura yake yi. Na ce eh, mura ce.

Washegari na roƙi likita ya ba ni aron bututun, na ce lokacin awon shekara ya kusa, zan fara da gida. Na sami Baba shi kaɗai a ɗakin bugu yana ɗura matashi. Na ja ƙyauren, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Wannan karon bai cire hula ba, bai yi barkwanci ba. Ya hura sau ɗaya, ya riƙe bututun bai ba ni ba, ya kai shi wurin hasken saman ƙyaure ya duba da kansa.

"Ja ke nan ko?"

Na ce ja ne.

"Cikin shekara guda, daga kore har ja? Abin ga shina da sauri haka?"

Ga ƙofar kuɓuta ya buɗe mini da kansa, da na ce eh da shi ke nan. Amma na gaji. Na ce, "Baba, bara ma ja ne. Sau ukun duka. Ni na maida tsinken, na rubuta ƙarya."

Na sa ran faɗa, na ma fi son faɗan. Ya zauna bisa buhu ya daɗe yana kallon bututun, ƙirjinsa na ɗan kuka kamar na mage. Da ya buɗe baki ba maganar kansa ya yi ba.

"To su malam wane da na ce su ƙara madara fa?"

Nan kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, bai lallashe ni ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da bai lallashe ni ba. Sannan ya miƙe ya zaro katin bara daga azara ya ba ni. Ya ce, "Gyara shi da hannunki, yadda kika ɓata shi. Ki kai ma likita ki hwaɗa mashi. Wani zai karanta takardar ga ya ɗauka ɗakin ga ba ya komi."

Na soke kore na rubuta ja. Yana tsaye a kaina har na gama.

Daga nan ya ɗauki taɓaryar Innarmu ya nufi tagar. Lakar ta yi shekara da shekaru, ta yi tauri, yana dukan ta yana hutawa, ya hana ni karɓa. Da ta faɗo, tsumman da kakana ya cusa ya biyo ta, ya zama gari. Iska ta shigo, audugar da ke tsakar ɗakin ta tashi gaba ɗaya ta yi waje. Ranar titinmu ya yi fari, ta sauka bisa tiren mai tsire, bisa kawunan masu wucewa, bisa hotunan 'yan siyasa da rana ta koɗar a bango. Mutane suka fito suna tambaya ko lafiya. Baba ya sa hula, ya bi gidajen abokansa ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa, yana tsayawa a kowane lungu ya huta. Abin da ya gaya musu shi ne an sake awo an ga ja, madara ba ta wanke komai, su buɗe taga su je asibiti. Bai ambaci sunana ga kowa ba.

Likita bai yi mini ihu ba, ya dai cire tabarau ya dube ni har na raina kaina. Na tambaye shi abin da ke cina: da na faɗi gaskiya bara, da Baba ya tsira? Ya ce, "Sista, ɓarnar shekara talatin ba ke kika yi ta ba. Amma shekara guda ma shekara ce. Ban san nawa ta ci ba, kuma ba zan ce miki ba ta ci komai ba." Na so ya yi mini irin ƙaryar da na yi wa Baba. Bai yi ba.

Baba ya bar bugu, ya koma ɗinki kawai a zaure da ƙyallena a hanci, yana cewa ga jaki ya shiryu. Ya sha magani, ya rayu shekaru bayan haka, yana hurawa duk shekara yana duba tsinken da idonsa. Amininsa na ƙarƙashin rumfa ya fi shi daɗewa. Tsakanina da shi ba abin da ya canza a gaban mutane, Uwata ce dai har ƙarshe, kurɓin ƙarshe na duk abin da yake sha nawa ne ko na 'ya'yana. Katifar aurena da ya yi mini tana nan, na sa an sake mata yadi sau biyu, na hana a taɓa cikinta.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan fasa tagar, shi da kansa ya ce wa samarin masallaci su sauko da kwalin nan. Suka ɗaura lasifikar a kan dogon ƙarfe, bakinta na kallon lungunmu. Ya ci gaba da kiran salla, gajere-gajere, kalma biyu ya tsaya, kalma biyu ya tsaya. Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, lasifika ba murya kaɗai take ɗauka ba. Duk tsayawar da zai yi, sai ta kawo yadda yake jan numfashi, da ɗan kukan nan na ƙirji, ta watsa wa unguwa. Mutane suka saba, har suka daina ji. Ni ban saba ba. Sau biyar a rana yana isko ni har tsakar gidana, kuma ban taɓa shiga ɗaki na rufe ƙofa ba sai ya ida.